Ɗayar Wayar Tana Gidanki

Zuwa ga ƙanwata, Autar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam da takwarana da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarku. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya tsare ku daga tsautsayi da asara, amin. Mu nan lafiya muke, sai godiyar Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sandarta tana yi wa kaji faɗa kamar masu jin magana. Uwar Biyu na nan da ƙorafinta na kullum a kan zaren da nake shigowa da shi ɗaki a jikin riga, su kuma 'yan biyun sun yi tsawo, wandon da na ɗinka musu bara yanzu a ƙwauri yake tsaya musu. Kawu ya zo makon jiya ya kwana biyu, ya tambaye ki har sau uku.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, ni da hannuna ya fi sanin almakashi a kan biro. Na kira ki a waya ya fi a ƙirga, ba ta shiga. Sau ɗaya da ta shiga, ina jin muryarki kina dariya kina cewa Yaya yau kuma wace dabara aka ƙirƙiro, kafin in fara faɗa miki layin ya yanke. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba direban da ke bin hanyarku. Za ki ga wani ɗan abu naɗe a ƙyalle cikin ambulan ɗin, kada ki kwance shi sai kin kai ƙarshen takardar. Auta, a tsorace nake rubuta miki, kuma ina so ki karanta a zaune, ba a tsaye kina juya tukunya ba.

Kin tuna lokacin da za ku tashi daga garin nan, shekara biyu ke nan, da Malam ya sayi ƙaramin janareta irin nawa? Kin tuna wayar da na haɗa muku da hannuna, baƙar nan mai kai biyu, kowane kai da haƙoransa na ƙarfe, a soka ɗaya a jikin inji, a soka ɗaya a soket ɗin bango, sai gida gaba ɗaya ya ɗauki haske? Guda biyu na yi a rana ɗaya a kan teburin yanka, ɗaya tawa ɗaya taku. Ranar kaina ya kumbura, har kike tsokanata kina kirana injiniyan dole. Mai wayarin ɗin unguwarmu, mai haɗa wa gidaje wayoyin wuta, ya gan ta tun a lokacin, ya ce in bar wannan wasa in sa akwatin nan da suke kira cenja-oba, wanda ke raba wutar gari da wutar inji yadda ba za su taɓa haɗuwa ba. Na ce a raina neman aiki kawai yake. Ni ai ina da dokata: kafin a tayar da inji, a fara sauke babban makunnin da ke kusa da mita, don kada wutar inji ta fita waje. Don kada a manta kuma na yanko jan ƙyalle na ɗaura a mariƙin igiyar da ake ja a tayar da injin, nawa da naku, na ce duk wanda hannunsa ya taɓa ja, ya tuna makunni. Shekara biyu dabarar tana yi min aiki, ban taɓa kuskure ba. Ashe dai gaskiyar mutane ce da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni ina ɗauka ado na rataya.

Ranar Litinin ta makon jiya aka yi ruwa da iska, reshen bishiya ya faɗo ya tsinke wayar wuta a bakin layinmu. Kwana uku muna zaune ba wuta, inji ne kawai ke riƙe da shagon, ni kuwa ga kayan makaranta har saiti arba'in a gabana, an kusa komawa hutu. A cikin kwanakin nan igiyar injin ta tsinke, na kai wa bakanike ya sa sabuwa da sabon mariƙi. Jan ƙyallen ya tafi da tsohuwar igiya cikin shararsa. Na lura, na ce zan ɗaura wani in na koma shago. Ki duba fa, ni tela, ƙyalle har ƙafata nake turewa da shi, amma ban ɗaura ba.

Ranar Alhamis da safe sai ga Dogo ya wuce ta ƙofar shago da tsani a kafaɗa, shi da abokin aikinsa. Kin san Dogo, ma'aikacin wutar nan da ke hawa falwaya, wanda Inna ke cewa in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Ya leƙo muka gaisa, ya ce in kwantar da hankalina, in Allah Ya yarda kafin azahar za su haɗa wayar a kawo mana wuta. Na yi masa sannu da aiki. Don murna na kashe injin in huta da ƙararsa, na je na ɗaga babban makunni sama, na bar ƙwan shago a kunne, yadda da zarar an kawo wuta zan gani. Haka nake yi kullum in ina jiran wuta. Na koma tsohon keken ƙafa ina ta lallaɓawa. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga shugabar makarantar ta shigo da fuskarta a murtuke, ta ce saiti ashirin take so a goge a naɗe kafin la'asar, iyayen yara sun hana ta sakat. Na ba ta kujera, na ce yanzun nan. Na zaga bayan shago da sauri, na soka wayar a bango, na soka a inji, na kama igiya na ja. Hannuna bai taɓa jan ƙyalle ba, zuciyata kuma ba ta tuna komai ba.

Injin ya tashi, amma da wani irin nishi da ban saba ji ba, kamar an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Ina tsaye ina mamaki sai na ji yaran maƙwabta sun ɓarke da ihun murna, wai an kawo wuta. Na ji fankar gidan Mai Wanki ta fara juyawa ta bayan katanga, na ji rediyon gidan da ke gabanmu ya kama magana. Wallahi Auta, sai da na yi murmushi. Na ce kai, Dogo akwai cika alkawari. Sannan idona ya faɗa kan makunnin nan yana tsaye a sama. Ba wanda ya kawo wuta. Wutar injina ce ta bi ta mita ta fita layi, tana shiga gidajen mutane, tana kuma hawa har kan falwayar da Dogo yake. Kafin in kai hannu in kashe, ihun da ke waje ya canza, ya koma salati.

Ban san yadda na kashe injin ba, ban san yadda na fita ba takalmi ba. Abin da na sani, na iso bakin layi na ɗaga kai na ga Dogo a sama, ƙafafunsa sun bar tsani, kansa ya langaɓe baya, hannuwansa suna reto, ba abin da ke riƙe da shi sai bel ɗin da ya ɗaura a ƙugu ya zagaya falwayar. Bel ɗin nan wata ɗaya da ya wuce ya kawo min shi, ɗinkin wajen ƙarfen ya fara warwarewa, na bi shi layi uku da zaren tamfol. Baƙin zare ya ƙare min, na sa rawaya, har yana min tsiya wai na mayar da shi ɗan kwalliya. Daga ƙasa nake hango rawayan zaren nan ya miƙe tsaf, nauyin mutum gaba ɗaya a kansa, ina ƙirga ɗinkin a zuciyata ina roƙon Allah kada ko ɗaya ya saki. Abokin aikinsa yana ta ihu kada kowa ya taɓa tsani, kada kowa ya taɓa waya, yana tambaya wane ne ya tayar da janareta a layin nan. Ina tsaye a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, na kau da kai kamar ba da ni yake ba. Sai da ya gwada wayar da na'urarsa ya ga ba wuta, sannan ya hau da igiya, maza huɗu suka tare daga ƙasa aka sauko da shi. Yana numfashi, amma tafin hannunsa na dama ban so in kwatanta miki yadda ya koma ba.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Duk ƙarar injin da na ji, ko na niƙa ne, sai in tuna Dogo a kan falwaya. Mutanen layi suna ta zargin juna, wasu na cewa mai shagon aski ne, wasu na cewa gidan da ke kwana ne, ni kuwa ina zaune a kan keke ina taka shi ba zare a allura. Uwar Biyu ce ta gane, don ta ga na ɓoye wayar a ƙarƙashin katifa kamar kayan sata. Ba ta yi min faɗa ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi mai aski yana da iyali, kuma ana shirin hana shi zama a layin saboda laifin da bai yi ba. Inna ma da labari ya kai kunnenta ta kira ni ɗakinta, ta ce ita ba ta haifi wanda zai bar wani ya ɗauki kayansa ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar Asabar na ɗauki wayar na sa a leda na tafi asibiti.

Na same shi a zaune a kan gado, hannun a naɗe har gwiwar hannu, matarsa tana ba shi ruwa da kofi don ba ya iya riƙewa. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga jan ƙyalle har zuwa makunni, na ajiye ledar a gabansa. Na shirya wa zagi, na shirya wa 'yan sanda, har na yi sallama da gida kafin in fito. Ya ciro wayar da hannun hagu ya duba ta. Sai ya ce shi ma da nasa sakacin, don ya gwada layin ya ga a mace yake, ya cire safar hannu saboda gumi ya ji daɗin murɗa waya, bai kuma ɗaure layin da ƙasa ba kamar yadda aikinsu ya tanada. Ya ce wayar da aka gwada aka ga ba wuta, minti ɗaya ya isa wani a cikin gidansa ya cika ta da wuta bai sani ba, kuma abin da suka fi tsoro ke nan a aikinsu, fiye da faɗowa. Ya ce mun ci sa'a iska ta riga ta raba layinmu da taransifoma, don in wutar inji ta shiga taransifoma ta baya, ninka ta yake yi ninkin ba ninki, da yanzu ba a asibiti za mu yi maganar ba. Sannan ya dube ni ya tambaye ni guda nawa na haɗa irin wannan wayar. Na ce biyu. Ya ce ina ɗayar.

Auta, tun da nake ban taɓa jin tambayar da ta tsinka min zuciya irin wannan ba. Nan take na tuna hirarmu ta ƙarshe, da kike ba ni labari kina ƙyalƙyala dariya cewa takwarana ya koyi rarrafe, ya je ya ciro jan ƙyallen nan daga jikin injinku ya sa a baki, kin ƙwace kin jefar. Ni ma dariya na yi a lokacin, har na ce ya gado son ƙyalle. Yanzu in na rufe ido shi nake gani yana rarrafe zuwa bango. Dogo ya nuna min abin da ban taɓa tunani ba duk shekarun nan: in kai ɗaya yana cikin inji mai aiki, haƙoran ɗaya kan tsirara suke da wuta, ko ya zame daga soket, ko yaro ya ja shi, duk wanda ya kama ya kama ajalinsa. Ga kuma Malam, mutumin kirki, amma kin fi ni sanin cewa yakan nemi tabaransa alhali yana kan hancinsa. In ni da na ƙirƙiro dokar na manta ta, ina ga shi? Can ma akwai falwaya a ƙofar gidanku, akwai kuma wani Dogon da ke hawanta, mai mata da 'ya'ya, wanda bai san da wayata a bangonku ba.

Na je na sami mai wayarin ɗin da na raina, na ba shi haƙuri, ya zo ya sa min cenja-oba. Akwatin mariƙi ɗaya ne da shi: ka tura sama wutar gari, ka ja ƙasa wutar inji, ba yadda za a yi su biyun su haɗu ko da mutum ya tashi da mantuwar duniya. Ku nemi mai wayarin na gaske a can ya sa muku, kada Malam ya ce zai gwada da kansa, gidanmu injiniyan dole ɗaya ya isa. Kafin a sa, in dole sai kun tayar da inji, ku jawo waya mai kauri daga jikinsa kai tsaye zuwa fanka ko firji, kada ta kusanci soket ɗin bango. Mai wayarin ɗin namu ya ƙara buɗe min ido a kan wasu abubuwan da nake yi da ka. Ɗan maɓallin nan na jikin inji da ke faɗuwa in an haɗa dutsen guga da firji, wanda na koya wa Malam ya danne shi da tsinke, ashe shi ne mai gadin gidan, faɗuwarsa na nufin kaya sun yi yawa, a rage, a cire tsinken nan yau. Ƙaramin ƙusan da ke ƙasan injin mai zanen layuka uku, wanda nake rataya tsumma a kai, na wayar da ake haɗawa da ƙarfen da aka kafa a ƙasa ne, shi ma mai wayarin zai duba muku. Kada a taɓa injin da jiƙaƙƙen hannu, kada a bar shi ruwa na dukansa, kada a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Kuma na san Malam yana shigar da shi lungun da ke kusa da tagar ɗakinku don tsoron ɓarayi. A fitar da shi fili nesa da taga, a yi masa rumfa, a ɗaure shi da sarƙa in ana so, don abin da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ya wari, ba a kuma ganinsa. Gara ɓarawo ya ɗauki inji da inji ya ɗauke min ku.

Na tara mutanen layi na faɗi gaskiya a gabansu, na wanke mai aski. Wasu sun daina gaishe ni, ban ga laifinsu ba. Wajen aikin su Dogo sun kira ni sun rubuta bayanina, sun ce in jira, ina nan ina jira, duk abin da ya zo na karɓa. Likita ya ce hannun zai warke, amma yatsu biyu ba a san ko za su sake lanƙwasa ba, mutumin da da yatsun nan yake ci da iyalinsa. Duk da haka ba wannan ke hana ni runtsawa ba. Abin da ya faru ya riga ya faru, naki ne bai faru ba tukuna, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin yi da naka.

Yanzu ki kwance ƙyallen. Kan wayata ne, na datse ta da babban almakashina a gaban Dogo, na ba shi kai ɗaya, ga ɗayan na aiko miki don ki san ba wasa nake ba. Ki tabbata injin a kashe yake, ki zare wayarku daga bango da jikin inji, ki datse kawunan biyu, ki naɗe su a wannan ƙyallen ki ba direba. Kada ki jira Malam ya dawo daga makaranta, kada ki ce sai an sa cenja-oba, kada ki adana ta wai ko za ta yi rana. In Malam ya ji haushi ki ce ni na sa ki, ya zo ya yi fushin da ni, zan ji daɗin ganinsa da ransa yana fushi.

Inna tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan takwarana. Uwar Biyu da 'yan biyu suna gaisuwa, haka Kawu da Goggo da Mai Wanki. Ki gaishe min da Malam da kyau, ki gaishe da maƙwabciyarki mai kitso da ta karɓe mu hannu biyu da muka zo. Dogo ma ya ce in gaishe ki, ya ce bai yafe ba kuma bai riƙe ba, sai ranar da ya ga kawunan nan a tafin hannunsa na hagu.

Direba zai juyo ranar Laraba. Tun safe zan rufe shago in je tasha in zauna. In ya miƙo min ƙyallen nan da nauyi a ciki, zan wuce da shi asibiti kai tsaye, in dawo gida in ci abinci. In kuwa ya sauko hannu rabbana, to ki share min wurin kwana, don a motar zan taho, da almakashina a aljihu.

Allah Ya tsare min ku. Wassalam.

Ni ne yayanki,
Tela